Motar da ta kwana a Kaduna ta wayi gari a Katsina



Kwanan baya wata 'yar uwa ta turo mini babi uku na littafin da take rubutawa domin in duba mata. A 1984 ta kafa labarin. Alhajin cikin labarin ya taso daga Haɗejiya a sabuwar Fijo 504, lambarta fara tas da sunan Jigawa a sama, kafin ya shiga Kano kuma 'yan Rod Sefti suka tsayar da shi. Hausarta ta yi daɗi ƙwarai, har na so in kawar da kai. To amma a 1984 babu jihar Jigawa, babu farar lamba irin wadda muka sani yau, hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ma ba a kafa ta ba. Kuskure uku ke nan a sakin layi ɗaya, duk a kan ɗan ƙarfen da ke manne a gaban mota da bayanta. Da izininta na ce bari wannan makon mu bi tarihin ƙarfen nan, mu ga dalilin da ya sa wanda ya sayo mota daga wata jiha yake komawa ofis ya sake mata rajista, da abin da ke samun wanda bai je ba.

Rajistar mota tun zamanin Turawa take, kuma dokar hanya ta 1947 ita ce uwar mafi yawan dokokin da jihohi suka gada. A wancan lokaci haruffan farko na lamba suna nuna garin da aka yi wa motar rajista, don haka mutum kan kalli lamba ya faɗi inda ta fito kafin direba ya buɗe baki. Motocin ma ba su da yawa: na Turawa, na sarakuna, na manyan attajirai, sai manyan motocin dakon gyaɗa da auduga. Ga wanda ke rubuta labarin wancan zamani, ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari kuma yana dama. Sai ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Abin da ya fi dagula lissafin lamba shi ne ƙirƙirar jihohi. Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a 1967, Janar Murtala Muhammad ya mayar da su 19 a watan Fabrairun 1976. Lambobin da iyayenmu suka fi tunawa na wannan zamanin ne: haruffa biyu na jiha a farko, KN na Kano, KD na Kaduna, SO na Sakkwato, BO na Barno, LA na Legas, sai alƙaluma su biyo baya. Motar gida baƙar lamba take ɗauka da farin rubutu. Ofis ne ke ba ka lambar, amma farantin kai ne za ka kai wa mai rubutun allo ya yi maka, shi ya sa wani rubutun ya miƙe, wani ya karkace, wani kuma har da ado.

Sai ga 23 ga Satumba 1987, Janar Ibrahim Babangida ya yanke Katsina daga Kaduna. Ku ɗan tsaya ku auna wannan. Mutumin Funtuwa ya ajiye motarsa a ƙofar gida da daddare tana ɗauke da KD, lambar jiharsa. Gari ya waye, motar ba ta gusa ko taku ɗaya ba, amma ta zama mai lambar wata jiha. Haka ya sake faruwa ranar 27 ga Agusta 1991, da aka fitar da Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Barno, sannan a 1996 Janar Sani Abacha ya ƙara Zamfara da Gombe da Nasarawa cikin shida da suka cike 36. Mutumin Gusau da ya yi tsawon rai da motarsa ya ga an sauya wa jihar da yake ciki suna har sau biyu, daga Arewa maso Yamma zuwa Sakkwato zuwa Zamfara, alhali bai taɓa barin unguwarsu ba. Kowace sabuwar jiha kuma tana buɗe nata ofishin lasisi, tana son kuɗin rajista da na sabunta takardu su shiga asusunta. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ta bar harajin hanya a kason jihohi, har yau ma ofishin lasisi a mafi yawan wurare yana ƙarƙashin hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ne.

Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya an kafa ta a watan Fabrairun 1988. Tunda marubuta nake wa magana, ga abin da zai ba ku sha'awa: shugabanta na farko marubuci ne, Wole Soyinka, shekara biyu bayan ya karɓi kyautar Nobel. Babban aikin da hukumar ta sa a gaba shi ne lasisin tuƙi da lambar mota su zama iri ɗaya a duk ƙasa, domin a tsohon tsari ɓarawo na iya satar mota a wata jiha, ya sa a zana masa sabon faranti a wata, ba wanda zai gane. Daga nan aka samu farar lamba a 1992, mai sunan jiha a sama da kirarinta. Kano cibiyar kasuwanci, Sakkwato mazaunin Daular Usmaniyya, Katsina gidan karamci, Barno gidan zaman lafiya, Jigawa sabuwar duniya, Zamfara kuma da ta zo daga baya ta ce noma ne abin alfaharinta. Launin rubutu ma magana yake yi: shuɗi motar gida, ja motar haya, kore ta gwamnati, baƙi ta sojoji da sauran masu ɗamara. Haruffa uku na ƙarshe su ne na ƙaramar hukuma, KMC birnin Kano, FGE Fagge, NSR Nasarawa, ZAR Zariya, DUT Dutse, KJA Ikeja.

A daidai wannan lokaci ita ma kasuwar mota ta juya. A shekarun 1970 ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ana haɗa Volkswagen a Legas, manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi. Sunan da aka rubuta a takardar mota ran farko yawanci shi ne na mai ita har ta tsufa. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai, waɗanda Yarabawa suka raɗa wa tokumbo, mu kuma muke cewa Beljiyam ko 'yar Kwatano. Wasu ta tashar Apapa suke sauka. Wasu a Kwatano, a shigar da su Nijar ta Gaya, su gangaro Ƙonni ko Maraɗi, su faɗo ta Illela ko Jibiya, wata da takardar kwastan, wata kuma Allah kaɗai ya san hanyar da ta bi. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. A watan Maris na shekarar hukumar kwastan ƙarƙashin Kanar Hameed Ali ta ce duk mai motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ya zo ya biya, aka yi ta ce-ce-ku-ce da Majalisar Dattawa har aka dakatar da shirin. Abin da ya tayar wa jama'a hankali shi ne mutum ya sayi mota a hannu na huɗu, a ce shi zai biya abin da na farko ya ƙi biya.

Hannu na huɗun nan shi ne zuciyar maganar. Mota kan fara rayuwarta ta Najeriya a Legas, ta yi shekara uku, dillali ya kawo ta Abuja, daga can ta zo Kano ko Kaduna, ƙarshe a same ta tana jigilar 'yan kasuwar ƙauye. Ta ratsa jihohi huɗu da masu ita biyar, amma lambar Legas na nan a jikinta, takardun kuma suna ɗauke da sunan mutumin farko, wanda mai ita na yanzu bai taɓa gani ba. Doka ba ta hana lambar wata jiha yawo ba, lambar kowace jiha tana aiki ko'ina a ƙasar nan. Wasu ma da gangan suke neman lambar Abuja ko ta Legas, wai ta fi kwarjini a shingen bincike kuma ta fi daraja ran sayarwa. Shi ya sa za ka ga layin motoci a Zoo Road da ABC da RSH da GWA, masu su kuwa ko hanyar Gwagwalada ba su sani ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da ke cikin rajista.

Wannan ne gwamnati ta ce za ta gyara a 2011, lokacin Shugaba Goodluck Jonathan, Osita Chidoka na shugabancin hukumar kiyaye haɗurra. Aka fito da sabuwar lamba mai taswirar Najeriya, haruffa uku na ƙaramar hukuma suka dawo farko, aka kuma ce daga yanzu lamba tana ɗaure da sunan mai mota da adireshinsa a kundi guda na ƙasa baki ɗaya. Jama'a suka yi kukan tsada, majalisa ta sa baki, aka yi ta ɗage wa'adin daina amfani da tsohuwar, a 2014 kuma wata babbar kotun tarayya a Legas ta ce hukumar ba ta da hurumin tilasta wa mutane sauyawa. Duk da haka sabuwar ce ta zauna. Idan labarinka kafin 2011 ne, haruffan ƙaramar hukuma a ƙarshe suke. Idan bayanta ne, a farko, ko da yake tsofaffin sun daɗe suna yawo tare da sababbin.

To me mai sayen mota daga wata jiha yake yi a yau? Da farko takardar ciniki, da sa hannun mai sayarwa da shaidu. Sai asalin takardun motar: shaidar mallaka, lasisin mota, takardar kwastan idan daga waje ta shigo. A duba lambar inji da lambar casis, wato wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, a tabbatar sun yi daidai da na takarda. Yawanci akan nemi rantsuwar kotu da takardar 'yan sanda da ke nuna ba a kai rahoton satarta ba. Daga nan ofishin lasisi na jihar da mutum yake zaune, a sauya suna, idan yana son lambar jiharsa a ba shi sabuwa, jami'an duba lafiyar mota su duba ta, ya yanki inshora. Ita inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 ta koma 15,000 a farkon 2023. Zirga-zirga ce da kashe kuɗi, ba na musu. Ni kaina na taɓa yin sawu huɗu a wani ofis ana ce mini faranti bai iso ba. Kuma a nan ne mutane da yawa ke cewa ai amana ce tsakanina da wanda ya sayar mini, takardun su zauna haka.

Wani ɗan uwana haka ya ce. Ya sayi mota mai lambar Legas a hannun abokin kasuwancinsa, suka tafa, kuɗi ya wuce, ba a rubuta komai ba domin abota ta fi ƙarfin takarda. Bayan shekara biyu abokin ya rasu. Da aka zo rabon gado, 'ya'yan mamacin suka tarar da kwafin takardun motar cikin jakarsa da sunan mahaifinsu, suka lissafa ta cikin dukiya. Ba sharri suka yi ba, abin da suka gani a rubuce suka bi. Dillalin da aka yi cinikin a gabansa ya bar gari, ɗaya shaidan ya tsufa, maganarsa ba ta tsayuwa wuri ɗaya. Wata bakwai motar na ajiye ƙura na hawa kanta, kafin wani dattijo ya tuna ranar da aka kai kuɗin, aka sasanta. Zumuncin gidajen biyu kuwa har yau bai koma yadda yake ba. Shi ma mai sayarwa bai tsira ba idan ya bar sunansa: ranar da aka buge mutum da motar aka gudu, ko aka yi fashi da ita, ƙofar wanda ke cikin rajista za a fara ƙwanƙwasawa, ko da ya rabu da ita shekara biyar.

Ni a ganina mun yi sakaci da wannan fage a littattafanmu. Mota a labaranmu ado ce kawai, a faɗi sunanta da launinta don a nuna saurayi ɗan masu hali ne, shi ke nan. Alhali ga rikicin gado, ga mutumin kirki da aka kama da motar sata bai sani ba, ga matashin da ya ci bashi ya yanki lambar Abuja don iyayen budurwa su ɗauke shi wani, ga direban da ya kwana uku a bakin iyaka saboda alƙalami ɗaya ya bambanta tsakanin casis da takarda.

'Yar uwar tamu ta riga ta gyara babinta. Alhajin yanzu baƙar lamba mai KN yake ɗauke da ita, tunda a 1984 Haɗejiya cikin jihar Kano take, kuma 'yan sanda ne suka tsayar da shi a hanya. Wanda ke da tsohon hoton motar gidansu da lambar ta fito sosai, ya ɗora mana a ƙasa tare da shekarar da aka ɗauka.