Tafiyar Gizo Daga Bakin Kaka Zuwa Takarda

A shekarar 1911 wata maɗaba'a a birnin Belfast ta fitar da juzu'in farko na Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Bature Frank Edgar ya shirya, sauran biyun suka cika a 1913. Malaman Hausa ne suka rubuta labaran da ajami, da yawa a ƙasar Sakkwato zamanin Razdan Burdon, Edgar ya juya su zuwa boko. Haka Gizo da matarsa Ƙoƙi, da Kura da Dodo, suka samu babban masauki a takarda.

Gidansu na asali kuwa bakin tsofaffin mata ne. A Kutama da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, tatsuniya aikin dare ce, sai an ci tuwo yara sun kewaye kaka, da rana kam ba a yi. Ita ce za ta kwaikwayi tsamin bakin Gizo, ta rera waƙar da ke tsakiyar labari, jikoki su yi amshi. Wannan daɗin ne takarda ba ta iya ɗaukowa ba.

A Zariya, Abubakar Imam ya bi wata hanya. A Magana Jari Ce, da aka fara bugawa a 1937, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawan nan 'yan'uwa biyu, Grimm, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fadar sarki, aku na ba da su. Mai karatu bai jin warin baƙunta ko kaɗan, kuma a ganina babu marubucin Hausa da ya kamo shi a wannan gwaninta. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya kai tatsuniya aji da Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya na Kano ya mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim.

A Amurka an yi wa tsofaffin labarai abin da mu ba mu yi wa namu sosai ba. A 2002 Bill Willingham ya fara jerin mujallar zane mai suna Fables a kamfanin DC, ta yi fitowa 150 kafin ta tsaya a 2015. Wani azzalumin sarki ya kori jaruman tatsuniyoyin Turai daga ƙasashensu, sai suka ɓoye a wata unguwa a birnin New York. Kerkecin da ya saba cinye mutane ya zama mai tsaron doka, Snow White na riƙe da ofishin mulki, waɗanda ba su da siffar mutane aka kai su gona bayan gari. Shi ma Anansi, gizon mutanen Akan na Gana, Neil Gaiman ya sa shi cikin rayuwar yau a littafinsa na 2005.

Abin da ke damuna shi ne mun adana Gizo, amma mun bar shi can dawa tare da zaki da giwa, alhali dabarunsa na birni ne. Mai wayon da ke cin bashi bai biya, ya haɗa manya faɗa ya kwashe ganima, ai Kantin Kwari ko tashar mota ta fi dacewa da shi. Ƙoƙi mai haƙuri da rufin asirin miji kuwa, kowace unguwa akwai irinta.

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba, ga ma Taskar Tatsuniyoyi ta Bukar Usman. Wahalar tana wurin mai zane. Kaka ba ta taɓa bayyana ko Gizo ƙwaro ne ko mutum ba: yau ya hau yana ya tsira, gobe ya ɗaura wando ya tafi gona ko gaida surukai. Duk wanda zai zana shi, kafin komai sai ya yanke ƙafa nawa zai ba shi.