Yadda ake ɗaura gajeriyar hanya a maɓallan manhaja da Tkinter

Duk wanda ya taɓa shigar da lissafi a kwamfuta ranar kasuwa ya san linzami ɓata lokaci ne. Hannu na kan allon rubutu, sai ka ɗauke shi ka nemo maɓallin ajiya, sannan ka dawo. A ganina ƙaramar manhaja irin ta rubuta cinikin shanu da bashi ba ta cika ba sai da gajeriyar hanya.

Tkinter zan ɗauka, tunda tare da Python yake zuwa. An gina shi ne a kan Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991. Ɗaurin layi ɗaya ne:

taga.bind("<Control-s>", ajiye)

Wato in an danna Ctrl da s a ko'ina cikin tagar, a kira aikin da ka sa wa suna ajiye. Sai dai Tkinter kan miƙa wa aikin bayanin dannawar, don haka ka rubuta shi def ajiye(event=None), yadda maɓallin da ake latsawa da linzami ma zai iya kiransa.

Ga inda masu koyo ke ruɗewa. In ka sa accelerator="Ctrl+S" a jerin zaɓi, rubutun zai fito tsaf a gefe, amma ado ne kawai, ba ya ɗaura komai. Haka underline=0, layi kawai yake ja a ƙarƙashin harafin farko na maɓalli. Sai ka bi da bind.

Abin da ya fi damuna shi ne Caps Lock. A wurin Tkinter, ƙaramin s daban, babban S daban. Mutanenmu kuwa da yawa da manyan baƙaƙe suke rubuta sunan mai saye, sai su bar shi a kunne. Mutum zai danna Ctrl da s, yana zaton kuɗin bijimi biyu da aka ɗauka bashi sun shiga, alhali ba abin da aka ajiye. Wuta na ɗaukewa, shi ke nan, sai rigima. Maganin shi ne ka ɗaura "<Control-S>" ma a kan aikin.

Akwatin rubutu na Text kuma yana da nasa hanyoyin tun asali; Ctrl da o, alal misali, sabon layi yake buɗewa. In kana son harafin don buɗe fayil, ka ɗaura shi a kan akwatin kansa, aikinka ya ƙare da return "break", don kada na asalin ya biyo baya.