Tarihin Kula da Manya Masu Raunin Fahimta a Jibiya da Ƙasar Katsina

Raunin fahimta naƙasa ce da ke bayyana tun yarinta, mutum ya taso yana jinkirin koyon magana da lissafi da tafiyar da hidimomin kansa, ya kuma manyanta a haka. Daban yake da taɓin hankali, ko da yake an daɗe ana haɗa su a ƙwarya ɗaya. A Jibiya, garin kan iyaka da ke kimanin kilomita 45 daga birnin Katsina, inda hanya ke bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, tarihin koya wa irin waɗannan mutane dabarun zaman duniya tarihin gida ne da kasuwa. Hukuma ta makara wajen shiga lamarin, da ta shigo kuma wasu naƙasassun ta fara gani.

Kafin zuwan Turawa, da ma kafin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su raba Katsina da Maraɗi, fiƙihun Malikiyya ne ya tsara matsayin wanda ba ya iya juya dukiyarsa. Ayoyi na 5 da 6 na Suratun Nisa'i su ne tushe, malamai kuma sun faɗaɗa hukuncin a babin hajru na littattafai irin su Mukhtasar na Khalil: dukiyar tasa ce, waliyyi ne ke riƙe ta, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga cikinta, ana kuma jarraba shi don a ga ko ya kai a miƙa masa abinsa. Wannan jarrabawa ita ce mafi muhimmanci a tsarin, domin tana ɗauka cewa mutum na iya koyo. Sai dai a zaman gari an samu giɓi. Makafi na da Sarkin Makafi, kutare da guragu na da nasu sarakunan, da unguwanni da hanyar kai kuka fada. Mai raunin fahimta bai samu irin wannan ƙungiya ba, don ita ƙungiya sai da masu iya tsayawa su yi magana da yawun 'yan'uwansu. Ya zauna a hannun uwa da dangi, yana ɗebo ruwa, yana kiwon awaki, yana sharar masallaci, wasu na tsokanarsa, wasu na neman albarkarsa.

Mulkin mallaka ya ƙara dagula lissafin. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta sa mai raunin fahimta da mai ciwon hauka a layi ɗaya, kuma damuwarta tsarewa ce, babu zancen koyarwa. Ba a kawar da ita ba sai da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da aka sanar a Janairun 2023. Su ma 'yan mishan sun bi naƙasar da ido ke gani: asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, da na Danja kusa da Maraɗi, asibitin ido na Kano, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimin musamman, aka kuma buɗe kwalejin horar da malamansa a Oyo, makarantun da Arewa ta samu sun bi wancan sawu: Tudun Maliki a Kano, makarantar makafi a Katsina, ta kurame a Malumfashi. Gidajen Torrey na Kano da Zariya suna cikin 'yan tsirarun da suka karɓi masu naƙasar ƙwaƙwalwa, su ma don yara aka kafa su. Shi babba mai shekara talatin ba a yi masa gurbi ba, inda babu gurbi kuma wani abu ne ke cike wurin. A Satumba da Oktoban 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Rigasa da Daura da Katsina, suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, kuma rahoton Human Rights Watch na Nuwamban shekarar ya nuna ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa ya zama ruwan dare a ƙasar.

Yankin Jibiya na da dalilin damuwa fiye da wurare da yawa, saboda abubuwan da ke raunana ƙwaƙwalwar yaro sun taru a nan. Yana cikin zirin sanƙarau, annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu kurumta da masu jinkirin fahimta. Ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ga doguwar naƙuda a gida, ga tamowa da ta addabi Maraɗi a 2005, wadda kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke fama da ita a Katsina da Jibiya tun 2021. A maƙwabciya Zamfara gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, waɗanda suka rayu da lahaninta yanzu samari ne da 'yanmata. A takarda dai an ci gaba: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, Nijeriya a 2010, dokar hana wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020. Amma gurbin aikin gwamnati na mai takardar makaranta ne, wanda bai iya karanta sunansa ba bai san ana yi ba.

Abin da ke aiki a zahiri shi ne kasuwa. Ranar Lahadi a Jibiya akwai ayyukan da ake koya da ido da maimaici: riƙe bakin buhu ana zuba masara, ɗinke shi da basilla, tsince wake, tura baro daga bakin mota zuwa rumfa, wanke kofuna a teburin mai shayi. Mai raunin fahimta da ya samu ubangida mai haƙuri yakan ƙware a ɗaya, ya san lokacin fitowa, ya san wanka da gaisuwa, ya koma gida da ɗan abin cefane. Dabara mafi wuya ita ce kuɗi, a garin da naira da sefa ke yawo tare. Da yawa da launi da hoto suke gane takarda, shi ya sa sauya launin 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 ya rushe wa wasu abin da suka shekara suna koyo. Wannan koyo a cikin jama'a shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumo bayan taron Alma-Ata na 1978, ta fitar da littafin horarwa a kansa a 1989, bayan Denmak da Suwidin sun fara juya wa manyan gidajen killacewa baya. Hujjar ta fi ƙarfi a nan, domin tsarin yaro da ubangida yana nan da ransa.

Za a ce kasuwa wurin cuta ce, ana sa su dako a sallame su da ragowar abinci. Haka ne, kuma shi ya sa barin lamarin ga tausayin ɗan kasuwa bai isa ba; sai an sa ido, an yanka lada a gaban sarkin kasuwa da waliyyi, jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yana zagayawa. Za a kuma ce kasuwar kan iyaka ba ta da tabbas. Rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da na bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun kashe dako, kuma mai rauni ake fara sallama. Amma cibiyar da ke jiran kasafin kuɗi ba ta fi kasuwa tabbas ba, ga shi tana raba mutum da unguwarsa. Maganin shi ne a koya masa sana'a fiye da ɗaya, har da kiwo da aikin lambu a gefen madatsar ruwan Jibiya. Suka mafi nauyi ita ce ta mata, don duk abin da aka faɗa na kasuwa na maza ne. Mace mai raunin fahimta tana cikin gida, sau da yawa a aurar da ita ba tare da ta fahimci me ake ciki ba, ita ce kuma ta fi shiga haɗari idan 'yan bindiga suka tashi ƙauye, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo Jibiya a 2022, wasu dubbai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Nata horon sai mata sun kai mata shi har ɗaki, ta hannun malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida: tsaftar jiki, surfe da ƙulle-ƙullen kayan miya, sunan garinsu da na waliyyinta, da sanin wanda za ta gaya wa idan an taɓa ta.