Tarihin Jita-Jitar Damisa a Karkarar Birtaniya

Duk wanda ya ɗan daɗe a Birtaniya yana duba jaridunsu ya san ba a rufa shekara ba a buga labarin wani da ya hangi "baƙar damisa" a bayan gari ba, tare da hoto dishi-dishi. Da na bi sawun maganar sai na tarar tsohuwa ce, kuma ba dukkanta ce tatsuniya ba.

A 1903 an harbe wata links a yankin Debon, wato kyanwar daji mai guntun wutsiya da tsinin gashi a kunne. Tana nan a gidan tarihi na Biristol, kuma binciken da aka buga a 2013 ya nuna 'yar asalin Kanada ce, ta kuma daɗe a tsare kafin ta shiga daji.

Abin ya yi ƙamari ne bayan shekarun 1960, lokacin da ajiye namun daji ya zama abin ƙawa ga masu hannu da shuni. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa a 1969 an sayar da ɗan zaki a kantin Harrods na Landan. A 1976 majalisa ta yi dokar da ta wajabta neman lasisi daga ƙaramar hukuma da biyan inshora, amma sai a 1981 aka yi dokar hana sakin baƙin dabbobi a daji. Masu yawa na ganin a wannan tsakanin ne waɗanda ɗawainiya ta fi ƙarfinsu suka buɗe keji da daddare. A 1980 kuwa wani manomi ya kama fuma, zakin dutsen Amurka, a tarko a arewacin Sukotlan. Aka sa mata suna Felisiti. Mu da muka san kirarin damisa ƙi sabo, sai ga wannan tana son a shafa ta, abin da ya nuna a hannun mutane ta tashi.

Ga manoma dai abin ba wasa ba ne. A 1983 wani makiyayi a Eksmo ya ce ya yi asarar tumaki kusan ɗari cikin wata uku, har aka tura sojojin kundunbala na ruwa su yi kwanton ɓauna. Haka suka koma ba su kama komai ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Bodmin. A 1995 Ma'aikatar Gona ta yi bincike ta ce ba ta sami tabbatacciyar shaida ba. Ba a yi mako guda ba wani yaro ya tsinci ƙoƙon kan damisa a kogin yankin, jaridu suka ce ga gwamnati ta sha kunya. Masana na gidan tarihin halittu da ke Landan suka duba, suka ce lalle damisa ce. Sai dai an yanke ƙeyar da makami kamar yadda ake yi wa buzun damisa na ado, a ciki kuma ga kwanson ƙwan wani kyankyaso na ƙasashe masu zafi. Ashe a ƙetare ta mutu, shigo da ita aka yi.

A ganina dokar 1976 ba ta isa ta bayyana komai ba. Fuma ko damisa da wuya ta wuce shekara ashirin, don haka waɗanda aka saki a wancan lokaci sun daɗe da mutuwa. In har akwai su yanzu, to ko dai suna hayayyafa, abin da babu hukumar da ta tabbatar, ko kuma ana ci gaba da saki. Na biyun ya fi kwanta mini, domin a Janairun 2025 an kama links huɗu da aka saki ba bisa doka ba a tsaunukan Sukotlan, ɗaya ta mutu jim kaɗan bayan kamun.