Madatsa Ta Cika, Rumbu Bai Cika Ba: Noman Ranin Gwamnati Daga Tiga Zuwa Bakolori

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya cikin watan Janairu, da ya kai Kura zai ga abin da ke sa gwamnatoci kwaɗayin noman rani. Ko'ina ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, amma wajajen Kadawa da Garun Malam kore ne shar iya ganin ido: tumatir, albasa, alkama, masara. Ruwan daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana gangarowa da kansa ta babbar magudana ba tare da inji ya turo shi ba. A Kwanar Gafan kuwa kwandunan tumatir ne jere a bakin titi, ana lodinsu a manyan motoci zuwa Kudu. Ba mai ganin wannan ya ce an yi asarar kuɗin ginin Tiga.

Sai dai ba a auna aikin gwamnati da filin da ya fi kyau. Abin tambaya shi ne, bayan kusan shekara 50 ana gina madatsun ruwa da sunan wadata ƙasa da abinci, me ya sa a watan Yulin 2023 gwamnatin Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci? Amsar da tarihin waɗannan ayyuka ke bayarwa ita ce, gwamnati ta ƙware wajen tare ruwa, amma ta gaza a abubuwa uku da suka fi tare ruwan wuya: haƙƙin mai gona, haƙƙin mutanen da ke ƙasan kogi, da gyaran abin da aka riga aka gina.

Tun asali cikin gaggawa aka fara. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, ga kuma kuɗin man fetur sun shigo a daidai lokacin. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna guda 11, a shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa. Kamfanonin ƙasashen waje suka zana taswira, suka karɓi kwangila. Manomin da ya gaji jigo da lambu tun kaka da kakanni, wanda ya san lokacin da kogi ke kawowa da lokacin da yake janyewa, ba a nemi shawararsa ba.

Bakolori ce ta fi nuna illar hakan. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka kammala a 1978. Ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi dubban mutane aka mayar da su wuraren da ƙasarsu ba ta kai ta da albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin an hana su shuka har tsawon damuna fiye da ɗaya, ana baje ƙasa da katafila, ana sare itatuwan da suke mora. Diyya ta ƙi zuwa, inda ta zo kuma ta zo da ƙorafi. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Alƙaluman gwamnati sun tsaya a kan mutum ashirin da 'yan kai da suka mutu, mazauna yankin da masu bincike kuwa ɗaruruwa suke ƙirgawa.

Ɓarnar ba ta tsaya a bakin madatsar ba. William Adams, masanin da ya bi kwarin kogin yana nazari a shekarun 1980, ya nuna yadda tare ruwan ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa. Waɗanda ke noman shinkafa suka koma gero da dawa, lambunan rani suka ragu saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, masunta suka rasa kifi. Wato an ƙara abinci a inda baƙi da manyan jami'ai za su zo su gani, an rage shi a inda ba mai zuwa dubawa.

Irin wannan lissafi aka yi wa Tiga da 'yar'uwarta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ke ciyar da manoma da masunta da makiyaya a Jigawa da Yobe, da ambaliyar damina yake rayuwa. A wani bincike da Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998, sun gano cewa ribar da noman ranin sama zai kawo ba za ta maye ko kashi 20 cikin 100 na asarar da za a yi a dausayin ba. Ga kuma wata matsala da masu zanen madatsar ba su hango ba. Da kogin ya daina bushewa da rani, saboda ruwan da ake saki duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye shinkafa tun tana tsaye. Manomin Nguru da ke shiga ruwa har ƙirji da lauje yana yankan kachala, shi ma yana biyan kuɗin tumatirin Kadawa, ko da yake babu inda aka rubuta hakan.

Aikin yankin Tafkin Chadi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. An tsara shayar da hekta 67,000 a wajajen Marte da ruwan tafkin, aka buɗe aikin a 1979, tafkin ya janye ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa.

Akwai kuma batun me za a shuka. Masu tsara waɗannan ayyuka alkama suka sa a gaba, domin a rage kuɗin da burodi ke ci a ƙasashen waje. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi littafi sukutum a 1985 suna kiran abin tarko. Alkama na son sanyin hunturu, kwanakin sanyin kuwa ƙalilan ne a ƙasar Hausa, idan shuka ta makara zafi ya riske ta. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, ta zuba tallafi, bayan 'yan shekaru aka janye hanin, har yau kuma mafi yawan alkamar da ake ci shigo da ita ake yi. Manoman Kura ba su jira umarni ba. Suka karkata ga shinkafa da kayan miya, abin da kasuwa ke nema, garin ya cika da injinan casa da mata masu turara shinkafa. Nasarar da ake alfahari da ita a yankin yau, rabinta daga ƙin bin tsarin da aka zana musu ta fito.

Masu kare manyan madatsu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Jama'a na ƙaruwa, damina ba ta da tabbas, ƙasar da ke noma sau ɗaya a shekara ba za ta ciyar da mutum sama da miliyan 200 ba. Gaskiya ne. Amma ruwan rani ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya bai gina kankare ba. Ƙaramin injin ban ruwa ya yaɗa, da 'yar rijiyar burtsatse da ake haƙawa cikin yini guda a fadama. Gonar ta manomi ce, injin nasa ne, idan ya lalace akwai mai gyara a kasuwar ƙauye. Yawancin filin da ake shayarwa a Najeriya a yau irin wannan ne. Abin lura shi ne, wannan rijiya da ruwan ƙarƙashin fadama ta dogara, shi kuma ambaliyar da madatsa ke tarewa ce ke cika shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur ya zama babban ciwon kan mai injin, shi ya sa masu hali ke komawa ga mai aiki da hasken rana.

A ɓangaren noman kasuwanci ma darasin bai sauya ba. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 an gina shi ne don sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar da manoma suka laƙaba wa "ebolar tumatir" ta cinye gonaki, daga nan kuma ya yi ta buɗewa yana rufewa, domin duk lokacin da kwando ya yi tsada a kasuwa, manomi can zai kai. Shirin bashin Babban Banki da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba wa manoma sama da naira tiriliyan 1, an jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, amma bashi mai yawa bai dawo ba, farashin buhu kuma bai sauko ba. Kuɗi da masana'anta ba sa maye gurbin malamin gona, da iri mai kyau, da ciniki na gaskiya tsakanin kamfani da mai kaya.

Saura gyara, wanda shi ne aikin da ba a yanka masa kyalle. Na'urorin yayyafin Bakolori sun daɗe da mutuwa. A Kano, daga hekta 22,000 da aka tsara shayarwa da ruwan Tiga a kashin farko, wani ɓangare ya shafe shekaru ba a kammala ba, magudanun da aka yi kuma yashi da ciyawa suka cike su, manomin ƙarshen layi ya riƙa kwana a gona yana jiran ruwan da na farko ya tare. Sai a 2014 aka ciwo rancen kusan dala miliyan 495 daga Bankin Duniya a shirin TRIMING, domin a gyara abin da aka gina da kuɗin mai, a kuma danƙa ƙananan magudanu a hannun ƙungiyoyin manoma. Su kansu madatsun ba su tsira ba: madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye unguwannin Maiduguri.

Har yanzu ana ta tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne babban reshen da ya rage yana kai ambaliya ga mutanen Yobe da Borno. Kafin a sa hannu a wannan kwangila ko wata irinta, ya kamata majalisa da gwamnonin yankin su nemi a kawo musu lissafi uku a rubuce: hekta nawa ke samun ruwa a madatsun da ake da su yanzu, nawa aka ware don yashe magudanunsu kowace shekara, kuma me mutanen ƙasan kogi za su rasa. Idan ba a kawo ba, kada a gina.