Tsohuwar Kwamfuta, Sabon Faifai: Tarihin Ƙaurar Babbar Manhaja Zuwa SSD

Da dama daga cikin kwamfutocin da ke aiki a makarantu, ofisoshi da shagunan cike takardu na Illela, ciki har da na mazaɓar Darna Sabon Gari, sun yi wata rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso nan. Na hannu ne, irin kayan da ake wa laƙabi da 'yan Kwatano, kuma abin da ke fara gajiya a jikinsu shi ne faifan ajiya. A yau maganin da masu gyara suka fi bayarwa shi ne a cire tsohon faifai mai juyawa, a sa SSD, a ɗauke babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows ko makamanciyarta, a mayar da ita sabon mazauni. Aikin kan ɗauki awa ɗaya ko biyu, amma hanyar da ta kawo shi ta kusa shekara 70.

Farkon hanyar shi ne 1956, lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutar RAMAC 305. Ma'ajiyarta ta ƙunshi faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta ya kai kusan tan guda, kuma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato ƙasa da girman hoto biyu ko uku na wayar zamani. A 1980 kamfanin Seagate ya rage girman faifan har ya shiga ƙaramar kwamfuta. Duk da haka tsarin bai sauya ba: faranti mai maganaɗisu yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wani ɗan hannu kuma yana shawagi a kansa yana rubutu da karatu. Raunin faifan yana cikin wannan motsi. Girgizar hanya, faɗuwa daga tebur, ko zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, duk suna rage masa kwana.

Mafita ta fito daga Japan. Wani injiniyan kamfanin Toshiba mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro ma'ajiyar da ke riƙe bayani ta hanyar tsare cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna na siliki, ba tare da wani abu ya motsa ba, kuma bayanin ba ya gushewa in an kashe wuta. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan nau'in NAND a 1987, wanda shi ne ke cikin katin memori da filasha da SSD na yau. A 1991 kamfanin da daga baya ya zama SanDisk ya ƙera SSD mai megabait 20 a kan kuɗi kimanin dala 1,000. Tsadar ta hana shi yaɗuwa har kusan shekara 20. Ambaliyar da ta mamaye masana'antun Tailan a 2011 ta sa farashin faifai mai juyawa ya yi tashin gwauron zabi, a daidai lokacin da na SSD ke sauka, kuma daga nan tazarar da ke tsakaninsu ta ci gaba da raguwa.

Samun sabon faifai bai warware matsalar ƙaura ba. Babbar manhaja ba ta kwafuwa kamar yadda ake kwafar hoto ko wasiƙa, domin akwai sassan da idon mai amfani ba ya gani: taswirar da ke nuna yadda aka rarraba faifan, da ɗan umurnin farko da na'ura ke nema da zarar an kunna ta. In aka bar su a baya, kwamfutar za ta kunnu amma ba za ta san inda za ta nufa ba. A tsakiyar shekarun 1990 wani mai tsara manhaja a Niyu Zilan, Murray Haszard, ya samar da manhajar Ghost, wadda ke ɗaukar hoton faifai gaba ɗayansa ta sauke shi a kan wani. Kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Daga baya Clonezilla ta fito daga Taiwan kyauta ga kowa. Ita ma Windows sai da ta koyi zama da sabon faifan: Windows 7, ta 2009, ita ce ta farko da ta zo da umurnin TRIM, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka goge domin ya share su tun da wuri, kada ya yi nauyi.

A Najeriya buƙatar ta ƙaru ne ta hanyoyi biyu. Ta farko, harkokin hukuma sun koma kwamfuta. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan na'ura a 2015, rajistar makarantu da neman aiki suka bi sahu. Ta biyu, sayen sabuwa ya yi wuya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai 16 ga Disamba, 2020, tare da ta Seme, Maigatari da Mfun. An sake rufe hanyar Birnin Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma a tsakanin nan darajar naira ta faɗi ƙwarai. Ga malamin makaranta ko mai shagon buga takardu, sauya faifai ya zama hanya mafi sauƙi ta ƙara wa na'ura shekaru. Kwamfutar da ke ɓata minti biyu kafin ta tashi takan koma tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Sai dai ƙaurar tana da iyakarta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan. Sabon faifai ba ya samar da ko ɗaya daga cikinsu, don haka tsohuwar na'ura za ta iya yin sauri alhali ƙofar tsaronta a buɗe take, sai in an mayar da ita Linux. Haka kuma SSD ba ya gargaɗi. Faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko ya riƙa tsaitsayawa kafin ya mutu, shi kuwa wannan yakan ɗauke lokaci guda, kuma saboda TRIM abin da aka goge a kansa da wuya ya dawo. In aka ajiye shi babu wuta na tsawon lokaci a ɗaki mai zafi, cajin da ke riƙe bayanan yakan zurare a hankali.

Akwai kuma batun tsohon faifan da aka cire. Kwafa ba ta goge asali, don haka sakamakon ɗalibai, takardun fiton kaya da hotunan iyali suna nan a cikinsa har sai an shafe shi da gangan. Wanda ya bar shi a teburin mai gyara ya bar sirrinsa a kasuwa. Wanda kuma ya sa shi a ɗan akwatin USB ya adana shi, ya sami kwafi na biyu, abin da ya fi kowane irin faifai amfani ranar da na farko ya ƙi tashi.