Daga Layin Naira 20,000 Zuwa Wayar Bashi: Tarihin Salula A Tudun Wadan Zariya

Kafin shekarar 2001, duk faɗin Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 a lokacin, layukan tarho masu aiki ba su kai rabin miliyan ba. A Tudun Wadan Zariya an san wuraren da wayar NITEL take: ofisoshin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, asibitin koyarwa tun bai koma Shika ba, kamfanin Gaskiya, sai gidajen ɗaiɗaikun manyan ma'aikata da attajirai. Sauran jama'a idan saƙo ya taso sai a rubuta wasiƙa a kai tasha a ba direba. In rasuwa ce a kai sanarwa Rediyon Kaduna. In kuwa abin ya matsa, a je gidan mai waya a roƙi arziki.

Tudun Wada ta fi maƙwabtanta jin wannan ƙunci, domin tun asali unguwar baƙi ce. Turawan mulkin mallaka ne suka ware ta a wajen ganuwa don 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birnin Zazzau ba. Ɗan kasuwa Bakano, malamin asibiti Bakatsine, ɗalibin lauya daga Adamawa, kowa ya baro uwa ko mata a wani gari.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin salula, kowanne a kan Dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki a Legas da Abuja, daga bisani sabis ya hauro sauran garuruwan Arewa. Layi kawai, ban da wayar da za a sa shi, ya kai Naira 20,000, wani lokaci ma ya wuce. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha a lokacin Naira 5,500 ne, wato sai masinja ya tara albashin wata uku da ɗoriya bai ci bai sha ba kafin ya mallaki lamba. Kiran minti ɗaya Naira 50, alhali litar fetur Naira 22 ce. Kuma ko sallama kawai ka yi layin ya yanke, an cire kuɗin minti cif.

Wannan tsada ce ta haifi sana'ar kira a ƙarƙashin lema. Tebur ɗaya, kujerar roba, Nokia 3310, sai littafin rubuta lambobi. Mai tebur shi ke danna lambar da kansa, ya miƙa maka wayar, idonsa na kan agogo. Mutum ya tsara maganarsa tun daga gida. Bahaushen da gaisuwarsa kaɗai kan ci minti biyar, daga gajiya zuwa iyali zuwa sanyi, dole ya koyi cewa "Lafiya lau, ka turo kuɗin nan ran Laraba," ya kashe kafin daƙiƙa 59. Daga nan ne kuma aka gaji filashin, a ɗan taɓa lambar mutum a katse, mai hali ya biyo da kira.

Masu waya ba su yi shiru ba. Ranar 19 ga Satumbar 2003 ɗimbin mutane a faɗin ƙasa suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi kan tsada da rashin sabis. Makonni uku kafin wannan rana kamfanin Glo na Mike Adenuga ya shigo da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, abin da waɗanda suka riga shi suka sha cewa ba zai yiwu nan kusa ba. Cikin 'yan watanni sai ga shi ya yiwu a wurin kowa. Tun daga nan farashin kira ya kama gangara, layi ya faɗo har ya koma na Naira 100 ko 200, wani lokaci ma kyauta ake raba shi a bakin titi. Samuwar gasa kenan. Econet kuwa ta yi ta sauya suna kamar mai gudun bashi: Vmobile, Celtel, Zain, har ta tsaya a Airtel a 2010. Etisalat ta zo a 2008.

Ɗaliban Kongo da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya na wancan zamani ba za su manta da kiran dare na MTN ba, daga 12:30 zuwa 4:30 na asuba, kyauta. Iyaye sun yi faɗa, malamai sun yi wa'azi a kai, amma soyayya da yawa a nan ta ƙullu. Su kuma dattawa sun riƙe 'yar Nokia mai tocila, wadda shaƙiyyai suka laƙaba wa rakani-kashi, don takan kwana biyar ba ta nemi caji ba, ga haske idan an ɗauke wuta.

Babbar waya ta fara shigowa ne da BlackBerry, wadda kuɗin intanet ɗinta kaɗai ya kai Naira 5,000 a wata da farko, saboda haka ta tsaya a hannun 'yan gayu. Wanda ya kai intanet aljihun talaka shi ne kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. Sun lura ɗan Najeriya yana yawo da waya biyu don gudun tsadar kira tsakanin kamfani da kamfani, sai suka yi mai cin layi biyu. Suka ƙara ƙarfin batir, suka gyara kyamara ta dace da baƙar fata, har Hausa suka sa cikin harsunan wayar. Shagunan unguwar PZ da ke tsallaken kogin Kubanni suka cika da su, dillalai na sarowa daga Farm Centre ta Kano ko daga Legas. Sana'o'i suka tsiro a gefe: masu gyara, masu liƙa gilashi, masu tura waƙoƙi da fina-finan Hausa, da mai caji da ɗan janaretansa, wanda ke manna wa kowace waya lamba ya ba mai ita irinta.

Sai dai duk wayar da ke cikin kwali a PZ da Dala aka sayo ta, kuma a nan ne lissafi ya juya. A 2001 Dala ɗaya ba ta wuce Naira 120 ba. A watan Yunin 2016 Babban Banki ya saki Naira daga 197, ta faɗi zuwa wajen 280 a rana guda. A Yunin 2023 aka sake sakinta daga wajen 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki ƙaramar waya ta Dala 80. A 2019, lokacin da Jihar Kaduna ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000, kuma Dala tana 360, kuɗinta bai kai albashin wata ɗaya ba. Da Dala ta kai 1,500, ita wannan wayar ta zama Naira 120,000, albashin kuwa a ƙarshen 2024 aka kai shi 72,000. Shi ya sa in ka tsaya ciniki za ka ji mai shago na cewa, "Alhaji, wannan farashin na yau ne, gobe sai abin da Dala ta ce." Da yawa sun koma sayen ta hannu. Wasu suna karɓa bashi ta irin tsarin Easybuy, a biya wani abu, saura kaɗan-kaɗan, ranar da aka saɓa alkawari wayar ta kulle kanta. Akwai masu guje wa tsarin saboda tsoron riba, akwai waɗanda ba su da wata mafita.

Kamfanonin ma Dalar ta taɓa su, domin kayan aikinsu daga waje suke, turakunsu kuma da dizal suke kwana. MTN ta bayyana asarar kusan Naira biliyan 400 a 2024. Ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, alhali kamfanonin ninki suka nema. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa 6, minti ɗaya daga wajen Naira 11 zuwa 16 da ɗoriya. A gaskiya, in aka auna da fetur, kira ya yi arha ƙwarai, don lita ɗaya yanzu ta fi kuɗin hirar minti 40. Inda ke yi wa mutane ciwo shi ne data. Da MTN ta mayar da tsarin gigabayit 15 na mako daga Naira 2,000 zuwa 6,000, ihun da aka yi sai da ya sa kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta nemi a maimaita irin na 2003, a ƙaurace wa layuka daga 11 na safe zuwa 2 na rana kullum. Abin bai kama ba, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya ga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai kayan miya a kasuwar Tudun Wada suka koma karɓar taransifa. Wanda ya kashe waya a 2003 hira kawai ya rasa. A 2025 kuwa mai POS da ita yake cin abinci, matar aure mai sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp shagonta kenan, ɗalibi ta nan ake turo masa darasi da kuɗin cefane daga gida. Ƙarfe 11 zuwa 2 kuma shi ne tsakiyar cin kasuwa, don haka aka yi gunaguni, aka sayi data a sabon farashi.